Ɗakin Zaiba a Jarwal

Rakiya Ɗaso ta rasu ranar Alhamis da hantsi, cikin watan Safar na 1386, wato Yunin 1966, a wani ɗaki da ke ƙasan bene a unguwar Jarwal, Makka. Shekarunta arba'in da ɗaya. Matan da suka yi mata wanka sun ce haƙora huɗu suka rage a bakinta, ƙafafunta kuma sun kumbura har fatar tana sheƙi. Ba a kai ta asibiti ba, domin ba ta da igama, takardar izinin zama a ƙasar. Aikin da ya kashe ta bai tsaya ba ko na yini ɗaya. Wata mace ce ke yin sa yanzu, kuma Rakiya ce ta koya mata da hannunta, bayan ta san abin da aikin yake yi wa mutum.

'Yar ƙasar Kazaure ce. Ta zo aikin hajji ta ƙasa a 1958, ta Chadi da Sudan, ita da mijinta da 'yarsu Ummulkhairi. Mijin ya mutu a Mina, zafi ya buge shi. Uwa da 'ya suka zauna, Rakiya tana wankau da goge tukwane a gidajen Larabawa. Ɗakin da suke ciki na wani ne mai suna Abdulganiyyu Kabo, Bahaushe haifaffen Makka, mai shagon gyaran agogo. Yana da takarda, kuma Larabci ya fi zama a bakinsa.

A 1963, lokacin da ake rushe tsofaffin gidaje don faɗaɗa Harami, Abdulganiyyu ya sayi tarkacen wani gidan Turkawa. A ciki ya sami adaka guda: kamarar katako mai ƙafa uku, farantan jan ƙarfe masu rufin azurfa, ƙananan akwatuna biyu na katako, akwatin ƙarfe ɗaya, kwalbar zaiba, da littafi rubutun hannu da Larabci. Kayan wani irin ɗaukar hoto ne da duniya ta daina yi tun zamanin kakanni. Ya karanta littafin, ya ga abin da wasu ba su gani ba.

Hoton zamani yana da fim, kuma daga fim ɗaya ana iya wanke hoto ɗari. Saboda haka attajiran Makka ba sa yarda a ɗauki matansu, ko da matan na so. Wannan tsohon hoton kuwa ba shi da fim. Farantin da ya shiga kamara shi ne hoton, shi ake miƙa wa mai shi, babu na biyu. In mace ce ta ɗauka, mace ta wanke, to babu namijin da ya ga fuskar matar wani. Abin da ya rage wa Abdulganiyyu shi ne mace wadda ba za ta yi surutu ba.

Ya sami Rakiya a tsakar gida tana goge tire da toka.

“Ya Hajja, kin iya goge tire har mutum ya ga fuskarsa. To shi ke nan aikin.”

“Ni da ban taɓa riƙe kamara ba, ya Shaikh?”

“Wa ya ce ki riƙe? Ƙafa uku gare ta, ta fi ki iya tsayuwa. Shekara ɗaya kawai, in yi miki igama ke da yarinyar. Khalas, shi ke nan, kin huta da gudu in kin ji motar kame.”

Ta yarda a ranar.

Ya koya mata cikin mako uku, a wani ɗakin ajiya da ke bayan shagon. Ɗakin taku huɗu ne a taku uku. Taga ɗaya gare shi, ya sa aka toshe ta da bulo, don kada maƙwabta su ji wari su tambaya, kada kuma labari ya kai ga 'yan hisba masu farfasa kayan hoto don sun ce haramun ne.

Aikin yana da hawa biyar. Za ta goge farantin da jan gari da ƙyallen karammiski, har azurfar ta koma baƙin madubi. Sai ta kifa shi a kan akwatin aidin, tana ɗagawa tana dubawa, har launinsa ya tashi daga rawaya ya koma ja-ja. Sai akwati na biyu, mai wani ruwa da ke sa hawaye. Daga nan ta rufe shi a gidansa na katako, ta sa a kwando a ƙarƙashin kayan wanki, ta tafi gidan da aka yi kira. A kan rufin bene ake ɗauka, inda rana take.

“Kar ki motsa, ya Sitti, kar ki haɗiye yawu,” haka take ce wa matan, Sitti kuwa uwargida ke nan da Larabci, “sai na yi Ƙulhuwallahu ƙafa bakwai.”

Matan sun so ta. Wata tsohuwa ta yi fushi da ta ga tawadar Allah da ke kumatunta na dama ta koma hagu, domin hoton yana juya mutum kamar madubi. Rakiya ta ce mata, “Ai ba ta ɓata ba, Sitti, ƙaura ta yi.” Aka yi dariya, aka ba ta shayi.

Hawa na huɗu shi ne zaiba. In farantin ya fito daga kamara ba a ganin komai a kansa. Sai an kifa shi a bakin akwatin ƙarfe, an kunna ƙaramar fitila a ƙarƙashi, zaibar ta yi zafi, tururinta ya hau ya manne inda haske ya taɓa. A hankali fuska take fitowa. Bayan nan a wanke da ruwan gishirin hoto, a zuba ruwan zinariya a gasa, a rufe da gilashi, domin ko ɗan yatsa ya goga sai hoton ya tafi.

Littafin ya yi maganar hawan zaiba a shafi guda cif. Ya ce a yi shi a ƙarƙashin bututun hayaƙi. Ya ce taga ta kasance a buɗe, kada zafin ya wuce abin da ma'auni ya nuna, kada mai aiki ya kai fuskarsa kusa, in kuma ɗigo ya zube a barbaɗa masa farar wuta a kwashe. Rakiya ba ta karatu. Abdulganiyyu bai karanta mata shafin ba. Ma'aunin zafin ma a fashe ya same shi. In ta kunna fitila, yakan fita tsakar gida ya tsaya, hankici a hanci. Ya ce mata don kada idonsa ya faɗa kan matan mutane ne.

A watan farko hotunan sun riƙa fitowa fari-fari, kamar an wanke tufa har ta koɗe. Ya zage ta da Larabci da Hausa. Ita ce ta gano dalilin. Ta ga wata raɓa mai launin toka tana taruwa a gefen akwatin, inda ƙarfen ya tsage. Tururin zaiba ba a ganinsa, ba ya wari, amma ta gane ta nan yake tserewa.

Ta yi abin da kowace mace a garinsu take yi in tana son tururin magani ya zauna. Ta yi sirace. Ta ɗauko bargo mai kauri, ta tsuguna, ta lulluɓe kanta da akwatin da fitilar gaba ɗaya, ta tokare bargon da kanta, ta sa ido a ɗan gilashin da ke jikin akwatin. Minti goma, wani lokaci sha biyar. Hoton ranar ya fito har ana ƙirga zaren mayafi.

Abdulganiyyu ya leƙa sau ɗaya ya gan ta a ƙarƙashin bargon. Ya ja ƙofar a hankali.

“Mashallah, ya Hajja,” ya ce da ta fito tana gumi. “Dabarar nan ko Turkawan ba su yi ta ba.”

Shekara ta cika, bai yi maganar igama ba. Da ta tambaya sai ya ce mutumin da ke ofis ya tafi Riyad.

Yawu ne ya fara. Ta riƙa yawo da gwangwani a kwando. Dasashinta ya kumbura, ya yi baƙi-baƙi, haƙori ya fita a cikin gurasa. Daga baya hannu ya kama rawa, kaɗan-kaɗan, sai in za ta ɗauki wani abu ƙarami. Matar da ke sa gidan attajirai dariya ta koma ba ta son a kalle ta. In an gaishe ta da ƙarfi sai ta fashe da kuka ko da faɗa. Matan Jarwal suka ce iska ce. Wasu suka ce hotunan ne, Allah ya hana, ta ƙi ji. An yi mata rubutu ta sha. Ummulkhairi, wadda ta yi aure a lokacin, ita ke daka mata abinci ya yi laushi.

A watan Rajab na 1385 'yan sanda suka kama mijin Ummulkhairi, wani ɗan dako mai suna Rabe, suka sa shi a jirgin ruwa a Jidda. Ta dawo ɗakin uwarta da ciki wata biyu.

Wata guda bayan haka zaiba ta ƙare a karo na uku. Abdulganiyyu ya aiki Rakiya wurin wani tsohon maƙerin zinariya, Malam Mukhtaru, Bakano, da ke da rumfa a bayan kasuwa. Ta miƙa masa kwalbar. Kwalbar tana kaɗawa a hannunta kamar ƙararrawa.

Tsohon bai karɓa ba. Ya ce, “Buɗe bakinki in gani, ƙanwata.”

Ta buɗe.

“Me kike yi da ita?”

Ta faɗa masa, har da bargon.

“Bargo,” in ji shi. “Kika lulluɓa. Wa ya ce ki yi haka?”

“Ba kowa, Malam. Ni na ga tana tserewa.”

“Kwalba nawa kuka ƙarar?”

“Wannan ta uku.”

“Abin da ke hawa farantin nan bai kai ƙwayar gero ba. To ina sauran?” Ya nuna ta da yatsa. “Yana ƙirjinki. Yana kanki, yana ƙodarki. Maigidana da ya koya mini shafa zinariya da zaiba a Umdurman ta Sudan haka ya ƙare, ana ɗaure masa kofi a hannu. Shi a fili ma yake yi, iska na kaɗawa.”

“Akwai magani?”

“Ki daina yau, ƙila ki ƙara shekaru. Abin da ya tafi dai ya tafi. Mai ciki kuwa ko ƙofar ɗakin kada ta bi.” Ya tura mata kwalbar. “Ba zan sayar miki ba. In yana so ya kawo akwatin in like tsagar, a fasa bango a sa bututu. Aikin rabin yini ne.”

Ta sami Abdulganiyyu a shago, gilashin gyaran agogo a idonsa. Ta faɗa masa abin da tsohon ya ce. Bai cire gilashin ba.

“Na sani,” ya ce. “Yana cikin littafin.”

“Ka sani tun yaushe?”

“Tun kafin ki fara. Ni na ce ki shiga bargo? Ke kika kawo ƙauyancinki.”

“To a like akwatin. A sa bututu.”

“In kai akwatin kasuwa, gobe duk Jarwal ta sani. In fasa bango, maƙwabci ya tambaya me nake dafawa. La, a'a, ya Hajja. Zaiba kuma akwai ta a Jidda.”

Ta gwada yi ba bargo, ƙofa a buɗe, ita tana daga waje. Faranti biyu suka lalace. Na uku na amaryar wani babban gida ne, ya fito babu ido babu baki. A makon kuma hannunta ya kai inda in tana goge faranti sai ta karce shi.

Ranar Asabar da safe Abdulganiyyu ya zo ƙofar ɗakinsu. Ummulkhairi tana wanki a bakin rariya. Ya dube ta, ya dubi uwar.

“Hannunki ya mutu, ya Hajja, ba laifinki ba ne. Yarinyar nan ta san hanyar gidajen. Ki koya mata.”

“Ciki gare ta.”

“Na gani. Ai ba da cikin za ta goge ba.”

“In na ƙi fa?”

“Ɗakin nawa ne. Kuma jirgin da ya ɗauki mijinta bai nitse ba, yana dawowa. Ke dai ba za ki kai tashar Sawakin ta Sudan da rai ba, ita kuma ta haihu a saman jirgi cikin maza. Ki zaɓa.” Ya gyara hularsa. “Ni ba lallai sai ita ba. Mace nake so mai hannu, mai rufe baki, wadda hotonta zai fito kamar naki. In bai fito ba, ita ce. Kina da mako biyu.”

A ɗakin da ke jikin nasu akwai wata mata mai suna Sa'adatu Yalwa, 'yar shekara talatin, 'yar garinsu Rakiya. Ta zo hajjin shekarar da ta wuce ta ƙi komawa, domin ba ta da wanda za ta koma wa. Rakiya ce ta samo mata ɗakin, ita ta nuna mata lungunan da ake bi in an ga motar kame. Sa'adatu tana kiranta Yaya. Tana sayar da gyaɗa a bakin hanya, kuma sau biyu ana kifar mata da tire.

Bayan kwana biyu, a rana ta uku, Rakiya ta kira ta.

“Kina son aikin ɗaki, ba na titi ba?”

“Yaya, ko aikin kabari ne.”

“Za a yi miki igama.”

Sa'adatu ta durƙusa ta kama ƙafafunta. Ta ce Allah ya saka, Allah ya ba Ummulkhairi sauka lafiya. Ta tambaya, ita ma tana jin kunyar tambayar, ko gaskiya ne abin da ake faɗi, cewa hotunan ne suka jawo wa Yaya ciwo.

“Surutun mata ne,” in ji Rakiya. “Ciwon gidanmu ne. Haka innata ta yi.”

Ta koya mata a watan Shawwal. Sa'adatu tana da hannu mai kyau, ta fi Rakiya saurin gane launin faranti a kan aidin. Ta haddace gidajen, da sunayen matan, da wadda ake yi wa wasa da wadda ba a yi wa. Ranar da aka zo kan zaiba, Rakiya ta zauna a bakin ƙofa daga waje, ta miƙa mata bargon.

“Ki tsuguna sosai. Kar ki bar kafa ta ƙasa.”

“Yaya, zafi kamar tanderu,” muryar ta fito daga ciki.

“Haka ake so.”

“Sirace sak. Ni da mura ta dame ni, na samu magani kyauta.” Tana dariya.

“Ki sa idonki a gilashin. In kin ga girar ta fito ki ƙara Fatiha ƙafa uku.”

“In numfashina ya ƙare fa?”

“Ki ja a hankali. Kar ki ɗaga bargon.”

Hoton ya fito. Abdulganiyyu ya karɓe shi a naɗe, bai buɗe ba, ya aika gidan masu shi. Da yamma saƙo ya dawo cewa uwargida ta yaba, ƙanwarta ma tana so. Ya ce wa Rakiya, “Tayyib, ya yi kyau. Ku zauna a ɗakin.” Bai ƙara maganar Ummulkhairi ba.

Rakiya ba ta sake shiga ɗakin ajiyar ba. Rawar hannun ba ta ragu ba. Bayan hajji ƙafafu suka fara kumbura, fitsari ya ragu, daga baya ya tsaya. Sa'adatu ce ke kawo mata kunu kowace safiya kafin ta wuce aiki, ita ke ɗaga kanta ta ba ta a baki.

Kwana uku kafin ta rasu, da la'asar, Rakiya ta faɗa wa 'yarta komai: maganar Malam Mukhtaru, shafin littafin, abin da aka ce a bakin rariya, da dalilin kiran Sa'adatu.

“Inna, ai sai a gaya mata.”

“Ki gaya mata. Ranar da ta ajiye bargon, ke za ki ɗauka.”

“To in yi yaya?”

“Ni na yi nawa,” in ji Rakiya.

Sa'adatu tana cikin waɗanda suka yi mata wanka. Da azahar ta koma ɗakin ajiya, domin akwai faranti biyu da ke jira.

Ummulkhairi ta haifi mace kwana goma sha shida bayan rasuwar. Yarinyar tana da lafiya. Sa'adatu ce ta yanke cibiya, ita ta yi mata wankan jego na kwana arba'in, tana zuwa da asuba kafin aiki. Har yanzu a kwano ɗaya suke ci. Babu wadda aka yi wa igama a cikinsu. Malam Mukhtaru ya ce ya aika wa Abdulganiyyu sau biyu kan batun like akwatin, ba a ba shi amsa ba, shi kuma ba zai je wurin hukuma ba, domin matan za a fara kwashewa.

A farkon watan Jimada Sa'adatu ta ce wa Ummulkhairi tana jin ɗanɗanon ƙarfe a bakinta, ko ta sha ruwa ba ya tafiya. Ta tambaye ta ko marigayiya ta taɓa faɗin irin haka. Ummulkhairi ta ce bari ta tuna. Har ƙarshen watan ba ta ba ta amsa ba.